Kilomita 310 a taswira, awa ɗaya da minti biyar a tikiti: wa ke ƙarya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin jirgi da na lissafi ku taimaka min. Akwai tafiya a gabana tsakanin wasu ƙananan filayen jirgi guda biyu, irin waɗanda jirgi ɗaya ko biyu ke sauka a wuni. Na shiga intanet in ga nisan da ke tsakaninsu, wani shafi ya ce 310, wani ya ce 193, wani kuma 167. Na duba irin jirgin, mai farfela ne, an ce yana gudun kusan kilomita 500 a awa. In 310 ɗin ce gaskiya, ai minti 37 ya ishe shi. Amma a tikiti an rubuta awa ɗaya da minti biyar. To wa ke ƙarya a cikinsu?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Hajiya, kamfanin ne ke ƙarya, ba sai an kira malami ba. Suna ƙara lokaci da gangan don in sun makara su ce sun iso a kan kari.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Ilham, bari in fara cire miki na farkon, shi ne mai sauƙi. Shafukan nan uku magana ɗaya suka faɗa miki, ma'auni ne ya bambanta. 310 kilomita ce. 193 mil ne irin na kan tudu, wanda kowane ɗaya yake mita 1,609. Ita kuwa 167 mil ɗin teku ne, wanda kowane ɗaya yake mita 1,852, kuma da shi matuƙa jirgin sama da na ruwa suke aiki. Raba 310 da 1.609 ki gani, sannan ki raba ta da 1.852. Babu wanda ya yi miki ƙarya, sai dai wasu shafukan ba sa rubuta ma'aunin da manyan baƙi.

Maman Ilham: To Malam, na gane wannan. Amma me ya sa ba za su bar mu da kilomita kowa ya huta ba?

Malam Sabo: Saboda shi mil ɗin teku daga jikin duniya aka ciro shi. An raba kewayen duniya digiri 360, kowane digiri kuma an raba shi minti 60. Minti ɗaya na latitud, wato ma'aunin nisa arewa ko kudu a taswira, shi ne mil ɗin teku ɗaya. 360 sau 60 ya ba da 21,600, in kin ninka da 1.852 za ki sami kilomita dubu arba'in da 'yan kai, wato kewayen duniya ke nan. Don haka mai taswira a hannu yana iya auna nisa da layukan gefen taswirar ba tare da wani dogon lissafi ba. A 1929 aka yi taro a Monako aka tsayar da shi a kan mita 1,852 cif. Gudun jirgi ma da shi ake faɗa: not ɗaya shi ne mil ɗin teku ɗaya a awa.

Nura Injiniya: Malam Sabo an motsa wa malamin makaranta inda yake masa ƙaiƙayi. Yau sai mun koma aji.

Malam Sabo: Ai kai Nura ka fi kowa buƙatar komawa. Tunda ka tsokano, ga yadda mutum zai yi lissafin da kansa in yana da lambobin latitud da longitud na filayen biyu. Digiri ɗaya na latitud, wato arewa zuwa kudu, kusan kilomita 111 ne a ko'ina a duniya. Na longitud, wato gabas zuwa yamma, shi ne mai wayo, domin yana tsukewa yayin da kake nisa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu. A kan layin ikwaita shi ma 111 ne, a digiri 30 ya koma kusan 96, a digiri 60 ya koma rabi, kusan 55 da ɗoriya. A ce filayen suna wajejen digiri 30, tsakaninsu digiri biyu ta arewa da digiri biyu ta gabas. Ta arewa 222 ke nan, ta gabas 192. Ka ninka kowace da kanta, ka haɗa, ka ciro tushen, irin lissafin alwatika da aka koya mana a sakandare. Za ka sami kusan kilomita 294. A gajeriyar tafiya wannan ya wadatar. Shafukan intanet suna amfani da ƙa'idar da ta fi wannan tsauri, suna ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mai nisan kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa fata, wasu ma suna lura da cewa ta ɗan baje ta tsakiya. Shi ya sa za ka ga wani ya ce 309 wani ya ce 311.

Sarkin Gardama: Duk wannan bai amsa tambayar Hajiya ba. Ina minti 28 suka shiga?

Baba Kyaftin: Salamu alaikum. Na ga an ambaci sana'ata, bari in sa baki. 'Yata Maman Ilham, lissafinki daidai ne, abin da kika lissafa ne babu jirgin da ke yin sa. Kin ɗauka jirgi yana barin wannan filin da gudun 500, ya bi layi miƙaƙƙe, ya dira a wancan filin da gudun 500. Da haka ake yi da babu mai sake shiga jirgi.

Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ar da aka cire takozar da ke tare tayoyi jirgi ya motsa, har zuwa sa'ar da ya tsaya cak a wancan filin aka mayar da ita. To a ciki akwai tafiya a ƙasa zuwa bakin titin tashi, da tsayawa jiran izini daga hasumiya, da tafiya a ƙasa bayan an sauka. A ƙaramin fili abin ba ya daɗewa, amma sau da yawa babu wata hanya a gefen titin, dole jirgi ya hau titin tashin kansa ya bi shi har ƙarshe, ya juyo, sannan ya taso. Ki ware minti goma na ƙasa, can da nan.

Sai hawa. Jirgi mai farfela ba ya hawa da cikakken gudunsa, ƙarfin injin yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi. Minti goma sha biyar na farko kina ƙasa da 500 ɗin nan sosai. Sai sauka, ita ma tana da ƙa'ida: duk ƙafa 1,000 da za ka sauko kana buƙatar kusan mil ɗin teku uku a gabanka. In kana ƙafa 16,000, tun saura mil 48 za ka fara gangarowa. To dubi 167 ɗin da Malam ya ba ki. Cire wajen 50 na hawa, cire 48 na sauka. Abin da ya rage a tsakiya, wanda bai kai rabin tafiyar ba, shi kaɗai ne jirgin ke yin gudun da kika karanta. Daf da sauka kuwa gudun ya dawo wajen kilomita 200 da 'yan kai.

Maman Ilham: Ikon Allah. Baba, ashe gudun da suke tallatawa na ɗan tsakiya ne kawai.

Baba Kyaftin: Na tsakiya ne, kuma ban ma gama ba. Shi layin miƙaƙƙen ma ba a bin sa. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, haka yake sauka yana fuskantarta, domin iskar da ke bugun fikafikai ta gaba tana rage tsawon titin da yake buƙata. Kin taɓa lura da lambobin da aka rubuta da farin fenti a bakin titin jirgi? Alƙibla ce ta kamfas aka cire sifilin ƙarshe. 09 yana kallon gabas, digiri 90. Ɗaya bakin titin 27 ne, yana kallon yamma. A ce inda za ki yana gabas, amma ranar iska daga yamma take busowa. Dole mu tashi ta 27, mu ba inda za mu baya, mu yi sama tukuna, sannan mu yi kwana mu dawo. Muna isa can kuma iskar tana nan daga yamma, to sai mun wuce filin, kina hango shi ta taga a ƙasa, mu yi gaba kamar mil takwas ko goma, mu juyo mu daidaita da titi mu sauko muna fuskantar yamma. Fasinja da yawa a nan suke fara salati, suna zaton matuƙi ya ɓata.

A tafiyar kilomita dubu biyar wannan kewaye ba a ma jin sa. A tafiyar 310 kuwa babban kaso ne. Hukumar ICAO, wadda ke tsara harkar jiragen sama ta duniya, a lissafinta na hayaƙin da jirage ke fitarwa, tana ƙara kilomita 50 a kan miƙaƙƙen nisa ga duk tafiyar da ba ta kai kilomita 550 ba. To kin ga 310 ɗinki ta zama 360 tun kafin a yi maganar hadari ko jiran layi.

Sarkin Gardama: Baba, da girmanka, amma kana kare 'yan gidanku ne. Ni na sha shiga jirgi a rubuta awa ɗaya, mu tashi a makare da minti goma, mu kuma sauka a kan lokaci. Daga ina suka samo minti goman in ba cusa shi aka yi ba tun farko?

Anti Rabi: A nan kam Sarki yana da 'yar gaskiya, kada a danne masa. Na yi aiki a ofishin sayar da tikiti. Ana sa rara a jadawali, babu mai musun wannan. Amma ka sani jadawali ɗaya ake bugawa na watanni, ba a sake shi kullum. Ranar da iska ta yi kyau da ranar da ta juya duk lokaci ɗaya ne a takarda. In suka rubuta lokacin rana mafi kyau, to yawancin ranaku za su makara, kuma jirgin nan ɗaya shi zai juya ya ɗebi wasu fasinjojin, daga can ya wuce wani filin. Makarar safe tana bin sa har dare. Ni ban kira shi ƙarya ba. Inda nake jin haushi shi ne in rarar ta yi yawa har ta zama ado, a riƙa buga ƙirji ana cewa ba mu taɓa makara ba.

Sarkin Gardama: Alhamdu lillahi, an samu mai adalci guda ɗaya a gidan nan.

Nura Injiniya: Baba Kyaftin, tambaya. Maganar iska da Anti ta kawo. Ni a ganina in iska ta rage maka gudu a tafiya, ai za ta biya ka a dawowa. An yi canjaras ke nan.

Sarkin Gardama: Wannan ai ko yaro ya sani. Abin da ta karɓa da dama ta mayar da hagu.

Malam Sabo: Ba canjaras ba ne, kuma wannan tarkon yana kama manya. Mu ɗauki lambobi masu sauƙi. Nisa kilomita 300, ƙaramin jirgi mai gudun 300 a awa. In babu iska, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, minti 120. Yanzu sa iska mai gudun 60. A zuwa tana gabanka, gudunka a kan ƙasa ya koma 240, tafiyar ta ci minti 75. A dawowa tana bayanka, gudunka 360, minti 50. Haɗa: 125. Ta ci maka 15, ta mayar maka 10.

Sarkin Gardama: Malam akwai wata dabara a lissafin nan. 240 da 360 in ka haɗa ka raba biyu ai 300 ne.

Malam Sabo: Haka ne in da lokaci ɗaya ka ɗauka a kowanne. Amma ka fi daɗewa a cikin iskar da ke cutarka fiye da wadda ke taimakonka. Minti 75 tana danne ka, minti 50 kacal tana tura ka. Ɗauki biro ka gwada da iska mai gudun 150 ka ga yadda abin ke ƙara muni: awa biyu zuwa, minti 40 dawowa.

Sarkin Gardama: Zan duba in na samu natsuwa. Ban amince ba tukuna.

Nura Injiniya: Sarki ba ya amincewa ranar da aka kayar da shi, sai bayan kwana uku ya dawo da maganar a matsayin tasa.

Baba Kyaftin: Lissafin Malam haka yake, kuma ƙaramin jirgi ya fi jin jiki. Iska mai gudun 60 a wurin jet mai gudun 850 ƙaramin abu ce. A wurin mai gudun 300 kuwa kashi ɗaya cikin biyar na gudunsa ta ɗauke. Shi ya sa in kun duba jadawali da kyau wani lokaci za ku ga zuwa da dawowa tsakanin filaye biyu ba lokaci ɗaya aka rubuta ba, alhali nisan bai canja ba.

Ummi 'Yar Jami'a: Don Allah ni ma a ba ni dama. Yaya Nura ya taɓa ce min jirage ba sa bin layi miƙaƙƙe saboda duniya a dunƙule take, suna yin baka. To ko shi ne ya ƙara wa Maman Ilham nisa?

Malam Sabo: Ummi, abin da Nura ya faɗa miki rabinsa ne. Bakan da kike gani a allon jirgi shi ne hanya mafi gajarta, taswirar ce ta lanƙwasa shi. Samu ƙwallo ki sa ɗigo biyu a jikinta, ki ja zare tsakaninsu ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta ita ce gajeriyar hanya, kuma ita shafukan nan suke aunawa. Matsalar tana zuwa ne in an baje ƙwallon a kan takarda. Taswirar da muka saba gani ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don matuƙa jirgin ruwa, tana buɗa ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu fiye da girmansu. A kanta gajeriyar hanya sai ta fito kamar baka.

Amma wannan zancen masu ƙetare teku ne. A kilomita 310 lanƙwasar duniya ba ta da wani tasiri. Ko da za a haƙa rami miƙaƙƙe ta ƙarƙashin ƙasa daga wannan filin zuwa wancan, abin da za a rage wajen mita talatin ne. Tsayin da jirgin ke yi sama ma, a ce kilomita biyar, bai ƙara wa tafiyar rabin kilomita ba. Kewayen da Baba ya bayyana shi ne mai cin nisa.

Ummi 'Yar Jami'a: Na gode Malam. Yaya Nura ka ji.

Nura Injiniya: Ai ban ce miki a gajeriyar tafiya ba ne, ke kika ƙara.

Alhaji Mai Mota: Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Hajiya, kilomita 310 fa. Ki shiga mota. Kafin ki je filin jirgi, ki yi awa ɗaya ko fiye kina jiran a duba kaya, ki tashi, ki sauka, ki jira jaka, ki nemi abin hawa zuwa cikin gari, mai mota ya yi nisa. In jirgin ya makara kuwa ya riga ki isa.

Anti Rabi: Alhaji, 310 ɗin ta sama ce fa, ba ta titi ba. Ka san ko nawa ce ta titi?

Alhaji Mai Mota: Ko nawa ce ba za ta wuce 400 ba.

Baba Kyaftin: Alhaji, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai kyakkyawan titi ina bayanka, kuma ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba. Faransa ma a 2023 ta hana wasu jiragen cikin gida a inda jirgin ƙasa ke iya kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi, abin ya shafi tashi daga filin Orly na Paris zuwa Nantes da Lyon da Bordeaux. Amma ka tambayi kanka me ya sa aka gina ƙananan filayen tun farko. Yawancinsu akwai abin da ya gitta ne: teku, ko tsauni, ko daji, ko ƙanƙara. A can ƙuryar arewacin Norwe akwai Kirkenes da Vadsø, suna kusan kallon juna ta kan wani reshen teku. Ta sama ba su kai kilomita 50 ba. Ta mota sai ka kewaye ruwan gaba ɗaya, ya haura kilomita 150, ga dusar ƙanƙara a lokacin sanyi. Kamfanin Widerøe yana bin irin waɗannan garuruwan da jiragen Dash 8, yana sauka nan ya tashi ya sauka can, a kan gajerun tituna.

Nura Injiniya: Tunda an zo nan, wa ya san tafiyar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya?

Ummi 'Yar Jami'a: Minti goma?

Nura Injiniya: Kin yi nisa. A tsibiran Orkney ne, arewacin Sikotland, tsakanin Westray da Papa Westray. Kilomita 2.7. Kamfanin Loganair ke yi tun 1967, da ɗan jirgi Britten-Norman Islander mai ɗaukar fasinja takwas. A sama wajen minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne, kuma mafi sauri da aka taɓa yi daƙiƙa 53. Akwai manyan filayen da titinsu kaɗai ya fi wannan tafiyar tsawo.

Alhaji Mai Mota: Wannan ai almubazzaranci ne. Kilomita uku a jirgi?

Nura Injiniya: To Alhaji sai ka tuƙa motar a kan ruwa mu gani. Mutanen Papa Westray ba su da yawa, kuma jirgin ba don wannan tsallen kaɗai yake tashi ba. Daga Kirkwall yake fitowa, babban garin tsibiran, ya sauka a ɗaya ya tsallaka ɗayan ya koma. Da shi malaman makaranta da ma'aikatan lafiya ke zirga-zirga.

Sarkin Gardama: Minti ɗaya. Ko ɗamara mutum bai gama ɗaurawa ba.

Anti Rabi: Maman Ilham, ni abin da nake so ki duba ya fi duk wannan muhimmanci. Ki tabbata tikitin nan kai tsaye ne, kuma ki duba ko akwai tsayawa a hanya. Ƙananan filaye biyu ba kasafai ake samun jirgin da ke haɗa su ba, domin fasinjojin da ke tsakaninsu ba sa cika jirgi. Abin da aka fi yi shi ne a kwashe ku zuwa babban fili, ku sauka, ku jira, a sa ku a wani jirgin. Na sha ganin wanda nisansa bai kai 300 ba ya yi 900 a sama, ya kuma ƙarar da wuni guda. Shafin auna nisa ba ruwansa da wannan, ko filayen da babu jirgin da ya taɓa haɗa su in ka rubuta zai ba ka lamba har da kiyasin lokaci. Mutane suna ganin an rubuta minti 50 su ɗauka akwai jirgi.

Maman Ilham: Na duba Anti, lambar jirgi ɗaya ce daga farko har ƙarshe.

Anti Rabi: Lamba ɗaya ba ta hana tsayawa a hanya ba. Jirgi yana iya sauka a wani fili ya sauke wasu ya ɗebi wasu ya ci gaba da lambarsa. Amma da yake awa ɗaya da minti biyar ne a kan 310, lissafin Baba ya nuna babu wurin tsayawa a ciki. Sannan ki riƙa amfani da haruffa ukun nan na filin, ba sunan gari ba. Kowane fili yana da nasa: Westray WRY, Papa Westray PPW. Akwai Sydney a Ostiraliya, SYD, akwai kuma wata ƙaramar Sydney a Kanada, YQY, kuma an sha samun matafiyan da suka sayi tikitin wannan suna nufin waccan.

Malam Sabo: Anti Rabi, to ita miƙaƙƙiyar lambar tana da wani amfani a wurinku kuwa, ko ta 'yan lissafi ce kawai?

Anti Rabi: Tana da shi sosai. Da ita kamfanoni da yawa ke ƙirga makin da suke ba fasinjan da ya saba hawa jirginsu. A Tarayyar Turai kuma dokar biyan diyya in an soke jirgi ko an yi doguwar makara da ita take aiki: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, ya ƙaru zuwa 400, har 600 ga dogayen tafiye-tafiye. Kuma miƙaƙƙen nisa ake aunawa daga inda ka fara zuwa inda za ka ƙare, ko da an kewaya da kai ta wani gari.

Sarkin Gardama: Kun gani ko. Wajen biyan kuɗi sun san layi miƙaƙƙe, wajen tafiya sai kewaye.

Ummi 'Yar Jami'a: Baba Kyaftin, ni wani abu ne ya taɓa ɗaure min kai. Ƙawata ta hau irin wannan ƙaramin jirgin, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma aka bar jakunkunan wasu aka ce jirgi ya yi nauyi, alhali akwai kujeru babu kowa. Tafiya gajeriya ai mai kaɗan take buƙata, ina nauyin ya fito?

Baba Kyaftin: Jikata, ba man tafiyar kaɗai ake ɗauka ba. Ana zuba na zuwa, a ƙara wani kaso saboda abin da ka iya tasowa, a ƙara wanda zai kai ka wani filin daban in an kasa sauka a inda aka nufa, sannan a ƙara na ajiya wanda ba a son a taɓa shi sam, na minti 30 ga masu injin tarbain, irin na jet, minti 45 ga ƙananan masu injin fistan. To a yankin da filaye suke warwatse, wancan filin na ko-ta-kwana yana iya fin inda za ka nisa. Tafiyar 310 sai ka ga an yi mata tanadin man da zai yi ninkinta.

Ƙari a kan haka, wasu ƙananan filayen babu man jirgi a cikinsu ko kaɗan, dole ka taho da na dawowa a tanki. Wasu ba su da fitilun sauka da dare, wasu ba su da na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi in hazo ko gajimare ya rufe, wanda ke ƙara yiwuwar a juya. Ga titin gajere. In rana ta take, iska tana yin sakayau, fikafikai da injin ba sa samun abin kamawa kamar da sanyin safiya, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi a wannan gajeren titin sai ya ragu. Matuƙi yana zaune da takarda a gabansa, ga nauyin jirgi, ga mai, ga mutane, ga kaya, kuma jimlar ba ta da izinin wuce wata lamba. Mai ba ya raguwa. Mutanen da suka riga suka zauna ba a son a sauke su. Jaka ce ke biyo jirgin gobe.

Maman Ilham: To Baba, jirgin safe zan nema ke nan, kuma maganina a jakar hannu zai zauna.

Baba Kyaftin: Na safe, 'yata. Kuma in an ce za a auna ki da jakar hannun a kan sikeli kada ki ji haushi, a ƙananan jirage ana yin haka don a san inda za a zaunar da kowa.